Darasi: Tafiyar da Ofishin Lauya da Kauce wa Sakaci

Wannan darasi na mutanen da ke cin abinci a ofishin lauya ne: akawu, sakatare, mai buga takardu, yaron da ake aika kotu da fayil, da kuma sabon lauyan da ya gama Makarantar Horar da Lauyoyi a Bagauda ko Bwari, yana neman ɗakin haya ya kafa allonsa. Zai kuma amfani wanda ba aikinsa ba ne, domin da wuya mutum ya ƙare rayuwarsa bai taɓa neman lauya ba, ko a kan fili, ko gado, ko bashi. Wanda ya san yadda ofishi mai tsari yake, zai gane marar tsari tun bai miƙa takardunsa ba.

Mutane sun ɗauka a gaban alƙali lauya yake cin shari'a ko ya faɗi, wajen iya magana da kawo hujja. Da gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Shari'o'i da dama a kan tebur suke mutuwa: ranar da aka manta, takardar da aka sa wa hannu ba bisa ƙa'ida ba, kuɗin wani da aka cakuɗa da na ofis. Babu ɗaya cikin waɗannan da sai mai zurfin ilimin doka zai iya kauce masa. Tsari suke bukata, tsarin kuwa galibi a hannun akawu da sakatare yake.

Abin da doka ta ɗora wa lauya

Sashe na 9 na Dokar Lauyoyi ta Najeriya bai ɓoye magana ba. Ya ce lauya ba shi da kariya idan sakacinsa ya jawo wa wani asara. Ko da ya rubuta a yarjejeniya cewa ba ruwansa da duk abin da ya faru, wannan sharaɗi banza ne, kotu ba za ta dube shi ba. Wanda aka cuta yana iya kai lauyansa ƙara ya nemi diyya, kamar yadda zai kai likita ko magini.

Sashen ya keɓe abu biyu. Lauyan da ya yi aiki kyauta yana iya taƙaita alhakin da ke kansa. Sannan an bar wa lauya tsohuwar kariyar da muka gada daga Ingila game da abin da ya yi a gaban kotu, kamar tambayar da ya zaɓi ya yi wa mai shaida ko wadda ya bari. Su Ingila ɗin sun soke wannan kariya tun shekarar 2000, a shari'ar Arthur Hall da Simons, mu kuwa tana nan a rubuce cikin dokarmu. Sai dai kada kowa ya jingina da ita. Iyakarta zauren kotu. Ba ta rufe shawarar da aka ba mutum a ofis ba, ba ta rufe yarjejeniyar da aka rubuta ba daidai ba, ba ta kuma rufe ƙarar da aka bari lokacinta ya wuce ba.

Diyya hanya ɗaya ce. Ta biyun ita ce horo. Akwai Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wanda ake kira LPDC, da ke sauraron koke-koke a kan halin lauyoyi. Yana iya jan kunnen lauya, ko ya dakatar da shi na wani lokaci, ko ya sa a goge sunansa daga kundin lauyoyi da ke Kotun Ƙoli. Wanda aka goge sunansa ya daina zama lauya ke nan, komai shekarun da ya kwashe yana karatu. Ma'aunin da ake duba halin lauya da shi shi ne Ƙa'idojin Aikin Lauya. An daɗe ana aiki da na 2007, sannan aka fito da sababbi a 2023 waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2024. Ya kamata kowane ofis ya ajiye kwafi inda kowa zai iya ɗauka ya duba.

Wa'adi

A nan za mu daɗe, domin nan ne asara ta fi saurin aukuwa, kuma nan ne gyara ya fi wuya.

Doka ta yanka wa kusan kowace irin ƙara lokacinta. Idan lokacin ya wuce, ko da gaskiyar mutum ta fito fili kamar rana, kotu ba ta da hurumin sauraronsa. Ƙarar karya yarjejeniya, a wasu jihohi shekara shida take da shi, a wasu kuma biyar. Wannan da sauƙi. Masu haɗarin su ne gajerun. Wanda zai kai jami'in gwamnati ƙara a kan abin da ya yi a bakin aikinsa, Dokar Kare Jami'an Gwamnati wata uku kacal ta ba shi. Kotuna sun fitar da wasu irin ƙararraki daga wannan ƙa'ida, kamar na yarjejeniya da na neman fili, amma wannan aikin lauya ne ya bincika. Aikin akawu shi ne da zarar ya ji wanda za a kai ƙara hukuma ce ko jami'inta, ya rubuta ranar da abin ya faru ya kai wa maigidansa a ranar. Wasu hukumomin kuma dokar da ta kafa su ta ce sai an aika musu takardar sanarwa kafin a kai su kotu, sau da yawa ta wata ɗaya. Wannan watan ma a cikin lissafi yake.

Ɗaukaka ƙara ma haka. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar da ba ta laifi ba, wata uku ne idan hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 idan hukuncin tsakiyar shari'a ne. Bambance waɗannan biyun ba koyaushe yake da sauƙi ba, har manyan lauyoyi sukan yi jayayya a kai. Ni shawarata, duk inda aka yi kokwanto a ɗauki gajeren. Wanda ya shigar da takarda da wuri bai yi asarar komai ba. A nan dai idan an makara ana iya roƙon kotu ta ƙara lokaci, amma sai an kawo dalili mai ƙarfi, kuma kotu na iya ƙi.

A shari'ar zaɓe ko roƙon ma babu. Sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulki ya ce kwana 21 bayan bayyana sakamako ake shigar da ƙara, kotun zaɓe ta yanke hukunci cikin kwana 180, ɗaukaka ƙara kuma a gama shi cikin kwana 60. Rikicin da ya taso kafin zaɓe, irin na fidda gwani, kwana 14 ne. A 2012, a shari'ar jam'iyyar ANPP da Goni kan kujerar gwamnan Borno, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa babu kotun da ke da ikon ƙara ko kwana ɗaya a kan 180 ɗin nan. Ofishin da ya karɓi irin wannan aiki, tun ranar farko yake tsere da kalanda.

Kada a ce wannan halin dokar Turawa ne kawai. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci ke aiki da shi akwai hauzi: wanda ya zuba ido shekara goma yana ganin bare na amfani da gonarsa ko gidansa, bai ce uffan ba kuma babu abin da ya hana shi, da'awarsa kan faɗi. Tsakanin 'yan'uwa lokacin ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba. Ko ta wace kotu aka bi, jinkiri yana cin haƙƙi.

To, yaya ofis zai tsare kansa? Littafin ranaku guda ɗaya na ofis gaba ɗaya, wanda mutum ɗaya ke da alhakin cika shi. Kowane lauya na iya riƙe nasa a waya ko a aljihu, amma na ofis shi ne uwa. Duk wanda ya dawo daga kotu, kafin ya ajiye rigarsa, a shigar da ranar da aka ɗage shari'ar, a littafi da kuma bangon fayil. Kowane wa'adi a rubuta shi sau biyu: ranar da zai cika, da wata ranar tunatarwa da ta riga ta da mako guda ko biyu. Kuma mutum biyu su ƙirga kwanakin, kowa shi kaɗai, sannan su gwada. Idan lissafinsu ya saɓa, an gano matsalar tun tana da magani. A kuma tuna cewa ranar ƙarshe ba ta da amana: wuta na iya ɗaukewa, hanyar biyan kuɗi ta intanet na iya tsayawa, ma'aikatan kotu na iya shiga yajin aiki. Ofishin da ya saba kai takarda ranar da wa'adi zai cika, ko bai taɓa faɗuwa ba, sa'a ce ke riƙe da shi.

Wa ya sa hannu?

A 2007 Kotun Ƙoli ta yanke wani hukunci da ya girgiza ofisoshin lauyoyi a faɗin ƙasar nan, shari'ar Okafor da Nweke. Takardun da aka shigar, maimakon sunan lauya, sunan kamfanin lauyoyin aka sa a wajen sa hannu. Kotu ta ce bisa sashe na 2 da na 24 na Dokar Lauyoyi, lauya shi ne mutumin da sunansa ke cikin kundi. Kamfani ba ya cikin kundi, saboda haka takardar da ya sa wa hannu ba takarda ba ce. Aka yi watsi da su. Lauyoyi da yawa suka ga tsanani ya yi yawa, aka sake kai maganar gaban kotun a shari'ar First Bank da Maiwada, a 2012 ta sake jaddada matsayinta. Ƙararrakin da aka shafe shekaru ana yi sun rushe saboda layi ɗaya a ƙasan takarda, waɗanda suka biya kuɗin kuwa ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Darasin ga mai buga takardu a bayyane yake. A ƙasan kowace takardar kotu, sa hannun lauya ya zo, sunansa cikakke ya biyo, sannan sunan ofis da adireshi. Idan an jera sunayen lauyoyi da yawa, a yi alama a gefen sunan wanda ya sa hannun. Akawu ba ya sa hannu a madadin maigidansa, ko da maigidan ne ya bugo waya daga Abuja ya ce a yi.

Akwai kuma hatimin da Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, ke bai wa kowane lauya don ya manna a takardunsa. A 2015, a shari'ar Sarkin Yaƙi da Bagudu kan zaɓen gwamnan Kebbi, Kotun Ƙoli ta ce takardar da ba ta da hatimi ba ta cika ba, amma ana iya gyara ta. Wannan sassauci ne, sai dai a shari'ar da ake ƙirga kwanaki, wa ke da lokacin gyara? Kuɗin izinin aiki na shekara kuma kafin ƙarshen watan Maris ake biya. A sa wannan ranar ma cikin littafi.

Kuɗin mutane

Kuɗin da ke shigowa ofishin lauya iri biyu ne. Akwai ladan aikinsa, wannan nasa ne. Akwai kuma kuɗin da ya riƙe wa wani: kuɗin gidan da aka sayar, hayar da ya karɓar wa mai gida, diyyar da kotu ta ba wanda yake wakilta, kuɗin magada kafin a raba. Wannan amana ce. Tun 1964 ƙa'idojin asusun lauyoyi suka wajabta a buɗe wa irin wannan kuɗi asusu na daban a banki, kada ya haɗu da na ofis.

Lauyan da ya faɗa wannan rami, ba lalle da niyyar sata ya fara ba. Hayar ofis ta ƙare, ga kuɗin wata Hajiya a hannu, sai ya ce bari ya ara zuwa ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo, ya ɗebi na wani Alhaji ya cike na Hajiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da mutum biyu suka zo neman kuɗinsu a tare, ranar asiri ke tonuwa, kuma a gaban kwamitin ladabtarwa cewa "na yi niyyar mayarwa" ba ta wanke kowa. Ko sisi bai ɓata ba, cakuɗawar kanta laifi ce.

Aikin akawu a nan: rasit ga kowane kuɗi, komai ƙanƙantarsa, shafi na musamman ga kowane mutum, mai nuna abin da ya shigo da abin da ya fita da dalili, kowane ƙarshen wata a gwada littafi da takardar banki. Kuɗi ya shigo, a sanar da mai shi nan take. Tsabar kuɗi mai yawa kuma a guje ta. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta haramta biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga kamfani, sai ta hanyar banki. Sababbin ƙa'idojin 2023 ma sun ɗora wa lauya sanin wanda yake wa aiki da inda kuɗinsa ya fito. Wanda ya shigo da jaka cike da kuɗi yana son a saya masa gida da sunan wani, a yi masa tambayoyi, idan amsar ba ta gamsar ba a sallame shi.

Shi ma ladan lauya yana da ƙa'ida. Sashe na 16 na Dokar Lauyoyi ya ce lauya ba zai kai wanda ya yi wa aiki ƙara a kan kuɗinsa ba sai ya ba shi takardar lissafi mai bayyana ayyukan da aka yi, kuma wata ɗaya ya wuce. Ofishin da ba ya rubuta abin da yake yi kullum, da me zai cika wannan takarda?

Kafin a ce "na karɓa"

Ba kowane aiki ake karɓa ba. Tambayar farko ita ce ko ofis ya taɓa yi wa ɗaya ɓangaren aiki. A garuruwanmu, inda kowa ya san kowa, wannan yakan faru fiye da yadda ake zato: yau wa ya zo a kan gado, ashe shekara uku da suka wuce ofis ya rubuta wa ƙanensa takardar gidan da ake rigima a kai. Tunanin maigida kaɗai ba zai riƙe wannan ba. A ajiye rajistar sunayen duk wanda aka taɓa yi wa aiki da duk wanda aka taɓa karawa da shi, a duba ta kafin baƙo ya fara zayyana sirrinsa. Mai saye da mai sayarwa sukan so lauya ɗaya ya yi musu takarda don rage kuɗi. Ranar da suka ɓata, lauyan ne a tsakiya.

Tambaya ta biyu, shin ofis ya iya wannan aiki, kuma yana da lokacinsa? Lauyan da bai taɓa shari'ar haraji ba, ba abin kunya ba ne ya nemi wanda ya ƙware su yi tare, ko ya tura mutumin can.

Idan an karɓa, a rubuta. Me za a yi, me ba ya ciki, nawa ne, yaushe za a biya, kuɗin kotu da na tafiya a kan wa suke. Idan kuma an ƙi karɓa, wannan ma a rubuta, a gaya wa mutumin ya nemi wani lauya da gaggawa don lokaci na tafiya. Mutum yakan bar takardunsa ya koma gida da zaton an karɓi aikinsa, alhali lauya cewa ya yi zai duba.

Ga wani abu da ya shafe mu ƙwarai a Arewa. Takardun kotu da na yarjejeniya da Turanci ake rubuta su, da yawa daga masu zuwa ofis kuwa ba sa karanta shi, ko da sun iya ajami ko Hausar boko. Dokokin kare wanda bai iya karatu ba sun bukaci wanda ya rubuta takarda a madadinsa ya sa sunansa da adireshinsa, kuma a karanta wa mutumin a fassara masa kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Kada a mai da wannan al'ada kawai. A zauna da shi a bi takardar layi-layi, sannan a ce: "Baba, yanzu ka faɗa mini da bakinka abin da ka fahimta." Idan ya ce aro ya bayar alhali takarda ta ce sayarwa, an tsira daga shari'ar shekara goma. Kuma kada lauya ko akawunsa ya taɓa cewa "ka kwantar da hankalinka, mun ci." Babu mai iko da hukuncin alƙali.

Bayan haka sai labari. Koke da yawa ba daga faɗuwar shari'a suke tasowa ba, daga shiru suke tasowa. An ɗage zama, a sanar da mutum a ranar, ko da saƙon waya ne da Hausa. Ya ba da umarni ta baki, musamman na yin sulhu ko janye ƙara, a rubuta a fayil a kuma aika masa saƙon tabbatarwa. Abin da aka ji a ofis kuwa a ofis yake tsayawa. Sirrin da ke kan lauya yana kan sakatarensa da direbansa; ba na majalisar shayi ba ne, ba kuma na dandalin WhatsApp ba.

Cinikin fili

Kafin kuɗi ya fita hannu, a je ofishin filaye a yi bincike: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. A ga ko sunan mai sayarwa ne a kan takardar mallaka, ko an jinginar da ita a banki, ko akwai shari'a a kai. A je a ga filin da ido, a tambayi maƙwabta da mai unguwa. Idan na gado ne, a tabbatar an raba. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya bukaci amincewar gwamna kafin a sayar ko a jinginar da irin wannan fili, kuma a 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba tare da ita ba. Bankin ne ya kwana ciki.

Idan kuskure ya riga ya auku

Ofishi mafi tsari ma wata rana zai yi kuskure. Abin da ke mai da ƙaramin kuskure babba shi ne ɓoyewa. Akawun da ya gano an tsallake rana, ya faɗa a take. Maigidan da ke da hankali kuma ba zai sa yaransa su riƙa tsoron kawo masa mummunan labari ba, domin kwana biyun da aka ɓata ana fargaba wataƙila su ne na roƙon ƙarin lokaci. Sai a gaya wa wanda abin ya shafa gaskiya, a nuna masa yana da damar jin shawarar wani lauya. Canza kwanan wata a takarda, ko cire wani abu daga fayil, ya fitar da magana daga sakaci ya kai ta ga laifi.

Don irin wannan rana ake yin inshorar sana'a. A Ingila dole ce: ba a barin ofishin lauya ya yi aiki sai da inshorar aƙalla fam miliyan 2, wasu irin kamfanonin ma miliyan 3. Ofishin da ke riƙe manyan cinikayya a nan gida ya kamata ya nemi tasa, wanda kuma ke ƙyamar inshorar da aka saba ya tambayi kamfanonin takaful ko suna da irinta.

Aikin aji

Ku kasu uku-uku. A ce Babbar Kotu ta yanke hukuncin tsakiyar shari'a ranar 3 ga Yuni, mai ƙara kuma bai zo ofis ba sai ranar 11. Kowa ya ƙirga shi kaɗai ranar da wa'adin ɗaukaka ƙara zai cika, ya zaɓi ranar tunatarwa, sannan ku gwada amsoshinku. Bayan haka ku zana shafin littafin kuɗi na wata mata da ofis ya karɓar mata hayar naira 600,000, aka cire ladan da aka yi yarjejeniya a kai, aka tura mata sauran. Ku nuna wane asusu kowane kuɗi ya shiga, da ranar da aka sanar da ita. A zama na gaba kowace ƙungiya ta zo da saƙon waya na Hausa, layi huɗu ko biyar, da za a aika wa dattijon da aka ɗage shari'arsa karo na uku.